Bay of Whales: Amundsen lissafi ya yi ko sa'a ya taka?

Malamin Jogarafi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan mu tattauna.

Ina koyar da 'yan aji biyar darasin nahiyar Antatika, sai na ba su labarin Roald Amundsen, ɗan ƙasar Norwe da ya fara isa Ƙuryar Kudu, wato ƙarshen kudancin duniya, ranar 14 ga Disamba 1911. Na ce musu ya kafa sansaninsa mai suna Framheim a wani lungun teku da ake kira Bay of Whales, wato lungun kifayen wel. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in mutum ya je yau zai tarar da gidan?" Amsa ita ce a'a. Kuma ba ruɓewa gidan ya yi ba, filin da aka gina shi a kai ne ya ɓalle ya bi teku.

Ga yadda abin yake. A kudancin Tekun Ross akwai wata shimfiɗar ƙanƙara da ke kwance a kan ruwa, girmanta ya kusa murabba'in kilomita 500,000, wato ta ɗan haura rabin Najeriya. Kaurinta ɗaruruwan mitoci ne. Gindinta na baya yana manne da nahiyar, gabanta kuwa yana iyo, kuma inda ta haɗu da teku tsaye take kamar ganuwa, tsayinta daga mita 15 zuwa 50 a saman ruwa, mafi yawanta yana nutse a ƙasa. James Clark Ross ne ya fara ganinta a Janairun 1841 da jiragensa biyu, Erebus da Terror, ya bi gefenta kwana da kwanaki bai sami ƙofar shiga ba. Bay of Whales wani gurbi ne a jikin wannan ganuwar, can wajen gabas, inda ƙanƙarar ke yin ƙasa har jirgi zai iya raɓawa a sauke kaya.

Abin da nake so mu yi muhawara a kai shi ne wannan: a ganina Ernest Shackleton, jagoran wata tawagar Birtaniya da ya ƙi zama a wurin a 1908, ya fi Amundsen fahimtar haɗarinsa. Amundsen ya ci nasara, amma a kan fahimtar da ba daidai ba ya kafa gidansa.

Ɗan Jirgi na Apapa:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara basira. Amma ban yarda ba. Na yi shekaru ina aiki a jiragen dakon kaya, iyakata kudu Cape Town, kuma abin da na koya a teku shi ne ba a kiran mutum mai sa'a idan ya zauna ya karanta bayanan waɗanda suka riga shi bi ta hanya. Amundsen ya ɗauko taswirar Ross, ya ɗauko bayanin Borchgrevink da ya sauka a wannan yankin a 1900, ya ɗauko na Robert Scott ɗan Birtaniya na 1902 da na Shackleton na 1908. Ya ga shekara kusan 70 gurbin nan yana nan a wuri guda, bakinsa yana canzawa amma bai gushe ba. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai ƙasa a ƙarƙashi da ke riƙe da ƙanƙarar. Wannan ai lissafi ne.

Maman Khalifa:
Don Allah Malam kafin ku yi nisa, me Shackleton ya gani da ya sa ya ƙi wurin? Kuma me ya sa sunan ya zama na kifi?

Malamin Jogarafi:
Madalla da tambaya, Hajiya. Shackleton yana cikin tawagar Robert Scott a jirgin Discovery lokacin da suka shiga wani ɗan siririn gurbi a wannan yankin a Fabrairun 1902. A nan ne ma suka hura balan-balan da aka ɗaure da igiya, Scott ya hau ya leƙa kudu, Shackleton ya hau bayansa ya ɗauki hotuna. Shekara shida bayan haka ya dawo da nasa jirgin, Nimrod, da niyyar ya yi hunturu a wannan gurbin. Da ya iso a Janairun 1908 sai ya tarar babu shi. Ƙanƙarar ta ɓare, wurin ya zama wani faffaɗan lungu cike da manyan kifayen wel suna fitar da numfashi ta ko'ina. Shi ya raɗa sunan.

Ya tsaya ya yi tunani: da a ce mun kafa gida a nan wancan karon, ina muke yanzu? Ya nufi gabas wajen Ƙasar Sarki Edward na Bakwai, ƙanƙarar teku ta tare shi. Sai ya juya yamma zuwa McMurdo, wani mashigin teku a ɗaya ƙarshen shimfiɗar, ya gina ɗakinsa a kan dutse a Cape Royds. Kuma wannan juyawar ta yi masa nauyi ƙwarai, domin ya riga ya yi wa Scott alkawarin ba zai je McMurdo ba. Ya zaɓi a ce ya saɓa alkawari da ya ajiye mutanensa a kan abin da ya gani da idonsa yana ɓallewa. Ɗakin nasa yana nan tsaye har yau, ana kula da shi. Framheim fa?

Ɗan Jirgi na Apapa:
Ɗaki yana nan tsaye, amma mai ɗakin bai kai Ƙurya ba. A digiri 88 da minti 23 ya juyo a Janairun 1909, Ƙuryar kuwa tana digiri 90, saura kilomita kamar 180. Bay of Whales ya fi McMurdo kusa da Ƙuryar da kusan digiri guda, kuma digiri guda kilomita 111 ne. Zuwa da dawowa ya haura 200 ke nan. Ku duba ku gani, Malam. Da wannan wurin ya rage wa Shackleton fiye da rabin tazarar da ta hana shi kaiwa.

Injiniya daga Maraɗi:
Ina jin ku biyun duk kuna da rabin gaskiya, kuma ƙasar wurin ce za ta raba ku. Akwai tsibiri a kudu da lungun, an binne shi ɗungurungum a cikin ƙanƙara. Tsibirin Roosevelt ake ce masa, tawagar Richard Byrd ta Amurka ce ta tabbatar da shi a 1934. Tsawonsa kamar kilomita 130, faɗinsa kamar 65. Shimfiɗar nan ba a tsaye take ba, kogunan ƙanƙara ne daga nahiyar suke tura ta arewa, ɗaruruwan mitoci kowace shekara. Idan ta iso tsibirin sai ta rabu biyu ta zagaye shi, kamar yadda ruwan gulbi ke yi wa dutse, sannan ɓangarorin biyu su sake haɗuwa a gabansa. Wurin haɗuwar nan ba ya ɗinkewa sosai, cike yake da tsagu da tudu. Shi ya sa kullum gurbi ke buɗewa a wannan wajen.

To Amundsen ya yi daidai da ya ce akwai ƙasa. Inda ya kuskure, ya ɗauka gidansa yana kan wannan ƙasar ne. Framheim yana kimanin kilomita 4 daga inda jirginsa Fram ya ɗaure, kuma a kan ƙanƙara mai iyo yake, teku na ƙarƙashinsa. Mutum tara suka yi hunturu a kai ba tare da sun san haka ba.

Malamin Jogarafi:
Yauwa Injiniya, ka faɗi abin da nake nufi fiye da yadda na faɗa. Ya sami amsa daidai a kan "me ya sa gurbin ke nan", ya sami kuskure a kan "ina na ajiye mutanena". Ta biyun kuwa ita ce ta rai.

Baba Tsohon Soja:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Malam, ka yi haƙuri, amma akwai abin da ka bari. Wanda ya taɓa jagorantar mutane ya san ba a tambayar ko wuri yana da haɗari, ko'ina yana da shi. Ana tambayar tsawon lokacin da za a zauna ne. Amundsen bai je gina gari ba. Ya iso 14 ga Janairu 1911, ya bar wurin ƙarshen Janairu 1912. Shekara ɗaya da 'yan kwanaki. Ƙanƙarar da ke yin babbar ɓallewa bayan shekaru da yawa, kuma ta riga ta yi ta kafin 1908, mene ne yiwuwar ta sake a cikin wannan shekara gudan? Kaɗan ne. Ya ɗauki ƙaramin haɗari ya sayi babbar riba.

Kuma ku dubi abin da ya yi da watannin da ya samu kafin rana ta faɗi. Ya kai rumbunan abinci digiri 80 da 81 da 82. Bai tsaya ga tara kaya kawai ba, ya jera tutoci a layi hagu da dama na rumbun, a gicciye da hanya, yadda ko hazo ya sa sun kauce za su ci karo da tuta su san ta wane gefe za su juya. Mai irin wannan tsari ba a ce masa ɗan sa'a.

Bazamfariya:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba a rasa inda ya yi garaje ba. Ranar 8 ga Satumba 1911 ya tashi tun sanyi bai sauka ba don tsoron kada Scott, wanda shi ma yake shirin zuwa Ƙurya daga McMurdo, ya riga shi. Sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, dugadugan mutane suka daskare, karnuka suka mutu, suka dawo a warwatse. Hjalmar Johansen, wanda ya fi kowa gogewa a cikinsu, ya faɗa masa gaskiya a gaban jama'a, sai ya cire shi daga tawagar Ƙurya ya tura shi gabas. Johansen bai daɗe da komawa gida ba ya kashe kansa a 1913. Duk lokacin da aka yabi tsarin Amundsen sai na tuna wannan mutumin.

Baba Tsohon Soja:
Gaskiya ne 'yata, wannan tabo ne kuma ba zan kare shi ba.

Maman Khalifa:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne karnukan. Ɗana ya ce mini wai cinye su suka yi. Da gaske ne?

Ɗan Jirgi na Apapa:
Da gaske ne Hajiya. Sun tashi a Oktoba su biyar, Amundsen da Bjaaland da Hanssen da Hassel da Wisting, da amalanken jan kaya marasa taya guda huɗu da karnuka 52. Da suka hau kogin ƙanƙarar Axel Heiberg suka kai saman tudu, suka harbe 24, aka ciyar da sauran karnukan, mutanen ma suka ci. Da 11 suka dawo Framheim ranar 25 ga Janairu 1912, bayan kwana 99. Tun a gida aka tsara haka, har da ranar da za a kashe kowane rukuni.

Maman Khalifa:
Innalillahi. Dabbar da ta ja maka kaya ta hau da kai dutse, ka kai sama ka saka mata da harsashi? Ban ga jarunta a nan ba wallahi.

Bazamfariya:
Nima ba ya mini daɗi Yaya, amma dawakan Scott ma harbe su aka yi a gindin kogin ƙanƙarar Beardmore, daga nan mutane suka ɗaura igiya a ƙugu suna jan kaya da kansu. Sun isa Ƙurya 17 ga Janairu 1912 suka tarar da tantin 'yan Norwe, kuma su biyar ɗin babu wanda ya dawo da rai. Wani abu kuma da ya haɗu da maganar Malam: Scott da abokan tafiyarsa Wilson da Bowers a kan wannan shimfiɗar suka rasu, a nan aka rufe su da tantinsu a Nuwamban 1912. Su ma ƙanƙarar tana tafiya da su arewa a hankali. Wata rana za su isa teku kamar yadda Framheim ya isa.

Yanzu dai ba a kai kare Antatika. Yarjejeniyar kare muhalli ta Madrid ta 1991 ta hana, an kwashe na ƙarshe a 1994 saboda gudun kada su sa wa dabbobin wurin cuta.

Ɗan Zango na Kumasi:
Salamu alaikum manya. Ina karantawa tun ɗazu, na ga kullum Turawa ake ambata. Akwai 'yan Jafan a wannan lungun a daidai lokacin. Nobu Shirase ya shigo da ƙaramin jirginsa Kainan Maru a tsakiyar Janairun 1912, ya tarar da Fram yana jiran dawowar Amundsen. Sun sha wuya sosai wajen hawa da kaya saman ganuwar. Daga nan suka yi gudu kudu da karnuka, masu kula da karnukan mutum biyu ne 'yan ƙabilar Ainu, suka kai digiri 80 da minti 5 ranar 28 ga Janairu. Ba su da kuɗin Birtaniya, ba su da gogewar Norwe, kuma duk suka koma gida da ransu. Har yau Jafan tana sa wa jirginta mai fasa ƙanƙara sunan Shirase.

Malamin Jogarafi:
Na gode ƙanena, wannan zan ƙara a darasi. Kuma kafin su, a farkon Fabrairun 1911, jirgin Scott, Terra Nova, ya shigo lungun yana neman wurin sauke wata ƙaramar tawaga, ya yi kiciɓis da Fram. Aka ziyarci juna, aka ci abinci tare, kowa na auna kowa. Ta haka labari ya isa wa Scott cewa abokin hamayyarsa yana nan da karnuka sama da ɗari kuma ya fi shi kusa.

Amma bari in koma kan hujjata, domin abin da ya biyo baya yana tare da Shackleton. Byrd ya kafa sansaninsa Little America a wannan lungun a 1929, daga nan jirginsa ya tashi ya ratsa saman Ƙuryar Kudu a ƙarshen Nuwamba, Bernt Balchen na tuƙi. Ya dawo a 1934, ya tono tsohon sansanin daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sai tsagu suka buɗe kewaye da su har suka kwashe kayan gaggawa zuwa wani tudu don gudun kada su wayi gari a kan teku. An sake kafa sansani a 1940 da 1947. Da jirgin Atka na Amurka ya zo a 1955 ya tarar lungun ya lalace, dole sansani na biyar ya koma Kainan Bay can gabas. A 1963 ma'aikatan wani jirgin suka hango ɓurɓushin sansanin 1940 a jikin wani dutsen ƙanƙara yana yawo a teku. Sannan a Oktoban 1987 ƙaton ɓalli da aka sa wa lamba B-9 ya tashi, tsawonsa kilomita 154, faɗinsa 35, ya tafi da lungun gaba ɗaya. Duk wanda ya yi gini a wurin, teku ta karɓe.

Injiniya daga Maraɗi:
Sai dai Malam, "gaba ɗaya" ɗin nan yana buƙatar gyara. Ƙanƙarar ta tafi, tsibirin bai tafi ba, saboda haka gurbin yana sake fitowa. A Janairun 2023 jirgin binciken Italiya, Laura Bassi, ya shiga wurin ya kai digiri 78 da minti 44, aka ce babu jirgin da ya taɓa kaiwa kudu haka. Har yanzu nan ne ƙarshen inda ruwan teku ke kai jirgi a kudancin duniya. Wannan kuwa ai hujjar Amundsen ce: wurin yana dawowa.

Ustaz Ƙarami:
Afuwan na katse ku. Wani ɗan'uwa ya turo mini tambaya a gefe, ya ce in amsa a nan kowa ya amfana. A Framheim rana ta faɗi a ƙarshen Afrilu ba ta sake leƙowa ba sai ƙarshen Agusta, a tsakiyar bazararsu kuma ba ta faɗuwa sam. Yaya Musulmi zai yi salla da azumi a irin wannan wuri? Malamai sun yi ƙiyasi da hadisin Dujal, inda aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da ranar da za ta yi tsawon shekara, ya umarta a ƙaddara lokutan. Mutum zai yi salloli biyar a kowane awa 24. Wasu sun ce ya bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu sun ce ya bi na Makka. Allah ne mafi sani.

Maman Khalifa:
Jazakallahu khairan Ustaz. To ni har yanzu ina kan dabbobi. Wuri babu ciyawa, babu itace, me ya tara manyan kifaye haka? Me suke ci?

Bazamfariya:
Nan ne fannina Yaya, kimiyyar halittu na karanta. Da farko wel ba kifi ba ne ko da muna ce masa haka. Da huhu yake numfashi, yana haihuwa yana shayarwa, kamar ayu da ke kogin Binuwai.

Abin da ke tara su iska ce. Iska mai ƙarfi tana gangarowa daga kan shimfiɗar ta kore ƙanƙarar teku daga bakin ganuwar, sai a sami fili na buɗaɗɗen ruwa tun farkon bazara. Rana kuma ba ta faɗuwa. Sai ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani su yi ta yaɗuwa har ruwan ya canza launi. Wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande, kiril ake ce musu, su ci tsirran. Wani ɗan kifi mai launin azurfa ya ci kiril. Daga nan kowa ya sami rabonsa. Ƙaramin wel da ake kira minke yana tace kiril da bakinsa. Oka, mai baƙi da fari, a Tekun Ross akwai irin da kifi ya fi ci, akwai irin da ke farautar karnukan teku.

Wanda ya fi burge ni shi ne karen teku na Weddell. Babu dabba mai shayarwa da ke haihuwa kudu da shi. Ba ya ƙaura da hunturu, a ƙarƙashin ƙanƙara yake zama, yana kankare ramin numfashinsa da haƙora don kada ya toshe. Yana nutsewa mita 600, yana iya wuce awa guda bai fito ba. Haƙoran nan in suka cinye, ƙarshensa ya zo ke nan. Kifayen wurin kuma, ruwan yana kusan digiri 2 ƙasa da sifili amma jininsu ba ya daskarewa, saboda wani sinadari da Arthur DeVries ya gano a ƙarshen shekarun 1960. A 2015 masu bincike sun huda shimfiɗar mita 740 a can ciki inda ta rabu da ƙasa, kilomita ɗaruruwa daga buɗaɗɗen teku, suka zura kyamara, sai ga kifi yana yawo a cikin duhun.

Tsuntsayen fengwin kuwa, sama da kashi ɗaya cikin uku na irin Adélie na duniya a Tekun Ross suke, da kusan kwata na manyan da ake kira sarakuna. Adélie sai a kan duwatsu suke sheƙa, shi ya sa ba sa gida a Bay of Whales, ziyara kawai suke kawowa. Sarakunan suna da mazauni a Cape Colbeck, gabas da lungun. Namijin ne ke ɗora ƙwai a kan ƙafafunsa wata biyu cikin duhun hunturu, bai ci komai ba.

Ɗan Jirgi na Apapa:
To Malam ga wata hujjar ta fito daga bakin ƙanwarmu. Karnukan tekun nan suna cikin lissafin Amundsen. Sun tara nama kusan tan 60 kafin hunturu, na mutane da na karnuka. Ya koyi darasi tun a jirgin Belgica a 1898, inda ciwon nan mai kumbura dasashi ya kusa gamawa da su sai ɗanyen nama ya cece su. A Framheim babu wanda ya kamu da shi. Wuri ne kusa da Ƙurya, ga wurin ɗaure jirgi, ga nama a bakin ƙofa, ga hanya shimfiɗaɗɗiya zuwa kudu. Ni da nake ma'aikacin jirgi, da an ba ni zaɓi, nan zan zaɓa.

Ɗan Zango na Kumasi:
Yaya Bazamfariya, kifayen da suka ba wurin suna suna nan da yawansu?

Bazamfariya:
Minke da oka suna nan. Manyan ne suka sha kashi. A 1923 Carl Anton Larsen ya shigo Tekun Ross da jirgin da ake narka kitse a cikinsa, daga nan aka buɗe farauta, shuɗin wel, wanda ya fi kowace dabba girma, aka kusa ƙarar da shi a tekun kudu baki ɗaya. An dakatar da farautar kasuwanci a 1986 amma har yau bai murmure ba. A Oktoban 2016 ƙasashen da ke kula da halittun tekun Antatika suka amince a Hobart aka keɓe murabba'in kilomita miliyan 1.55 na Tekun Ross, ya fara aiki Disamban 2017, na shekara 35. Abin da ke damuna wa'adin ne. Babban kifin nan mai haƙora da ake kamawa a can yana daɗewa kafin ya balaga, shekara 35 ba wani abu ba ne a rayuwar irin wannan teku, kuma ba a hana kamun a dukan yankin ba.

Alhaji Mai Shago:
Na daɗe ina bin ku shiru. Ilimi ne mai kyau, amma ku gaya mini tsakani da Allah, ɓallewar ƙanƙara a ƙarshen duniya me ta shafe mu da shi?

Injiniya daga Maraɗi:
Ranka ya daɗe, ka sa ƙanƙara a kofin zoɓo ka yi alama a inda ya tsaya. In ta narke ba zai wuce alamar ba. Haka B-9 yake, da B-15 da ya ɓalle a Maris 2000 mai tsawon kusan kilomita 295. Dama a kan ruwa suke, tafiyarsu ba ta ƙara wa teku tsayi, kuma ɓallewar ɗabi'ar shimfiɗar ce tun fil azal. Amfanin shimfiɗar shi ne tokara. Ita ke danne kogunan ƙanƙarar da ke kan tudu kada su kwararo da sauri, tsibirai irin Roosevelt kuma su ne turakun da ke riƙe ita kanta. An ga misali a 2002 da shimfiɗar Larsen B ta ruguje, kogunan bayanta suka ninka gudu. Ƙanƙarar Yammacin Antatika kaɗai in ta shiga teku za ta ɗaga shi sama da mita 3. Ta Ross a yanzu tana cikin masu ƙwari, ruwan ƙarƙashinta mai sanyi ne, wajen kogin ƙanƙarar Thwaites ne ake fargaba. Amma kayan da ke shagonka ta Legas ko Kwatano suke shigowa, kuma garuruwan nan a bakin ruwa suke kwance.

Alhaji Mai Shago:
To na ji wannan. Allah ya kiyaye.

Malamin Jogarafi:
Amin Alhaji. Baba da Ɗan Jirgi, na karɓi abu ɗaya daga gare ku: kalmar sa'a ta yi wa Amundsen kaɗan, na janye ta. Maganar Baba ta tsawon zama ta shige ni. Amma ban sauka daga kan cewa bai san abin da ke ƙarƙashin gadonsa ba, kuma ya tabbatar wa mutanensa abin da ba haka yake ba. Shackleton ya ga abin da ya gani ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a duk tafiye-tafiyen da shi da kansa ya jagoranci mutane a kan ƙanƙara ya dawo da su.

Ɗan Jirgi na Apapa:
Shi ma Amundsen ya dawo da tara ɗinsa cif, Malam. Kuma kar mu manta mutum uku da suka rasu a 1916 daga tawagar Shackleton ta Tekun Ross, wadda ta je ajiye masa abinci a kan wannan shimfiɗar.

Malamin Jogarafi:
Haka ne, shi ya sa na ce waɗanda yake tare da su. Amma ka yi gaskiya, su ma a wuyansa suke.

Injiniya, in kana da hoton tauraron ɗan'adam da ke nuna Tsibirin Roosevelt da yadda ƙanƙarar ke zagaye shi, don Allah ka turo mini kafin Litinin. Ina so in nuna wa yarinyar nan inda gidan yake a 1911 da inda bakin ganuwar yake yanzu.

Injiniya daga Maraɗi:
In sha Allah Malam, da daddare in na sami intanet mai ƙarfi. Zan haɗa da na kafin 1987 da na bayanta don ta ga bambancin da idonta.